Takardar Ƙosai

A Kakuri nake gadi,
bakin masaƙar da ta daina numfashi tun ina da baƙin gemu.
Ba abin da ɓarawo zai ɗauka a nan sai tsatsa.
Da asuba Tabawa kan ɗora kaskonta a jikin katanga,
ta ƙunshe mini ƙosan ɗari biyu
a shafin wani littafi da ta saya bisa sikeli.

Ranar farko mai ya cinye rabin rubutun,
na ɗaga sauran a hasken fitila:
wai kada ba ya iya zaro harshensa waje.
Na juya wajen kogi na yi dariya.
Mu da muka ari sunansa muka raɗa wa gari,
harshenmu bai taɓa kwana a gida ba.

Washegari shi ne dai, wai yana haɗiyar duwatsu.
Na ce wannan ɗan'uwana ne,
shekara nawa ina cin shinkafar arha
ban tsince ba?

Sai raƙumin dawa ya zo da yaji a kafaɗa.
Ƙashin wuyansa bakwai, in ji takarda,
nawa ma bakwai.
Na sa yatsa ina laluben ƙeyata,
na ɓace a na huɗu,
na bar zancen a hannun Mai halitta.

Bakut, abokin gadina,
ba ya gaskata takarda mai maiƙo.
Ya ce, ajiye wannan ka ji wanda ba a soya ba:
can kudu wajenmu, a Nok,
masu haƙar kuza sun tono kan mutum na yumɓu,
ya fi shekara dubu biyu kwance a ƙasa,
kitsonsa bai warware ba.
Na ce, to gadar ƙarfen nan ta lambun Gamji fa,
ka san daga Zungeru aka kwanto ta?
Ya ce ya sani.
Bai sani ba, na ga idonsa.

Wata Laraba na karanta wa Tabawa nata:
macen sauro ce kaɗai ke cizo,
jinin na ƙwanta ne.
Ba ta ko ɗago ba, tana juya matsami,
ta ce, to da wa zai ciyar da su?
Shi namijin yana can yana shan furanni.

Akwai wanda ya hana ni barcin rana.
Hasken da ke sauka a kwanon masaƙa
ya baro gida minti takwas da suka wuce.
Ashe ko rana labarinta a huce yake iso mana,
ni kuwa nake fushi da ɗana
don wasiƙarsa ta makara.

Na ƙarshe ya zo a yage.
Tsuntsun da ke iya tashi da baya shi ne,
sai yatsun Tabawa suka wuce da sauran.
Na koma da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.
Ta ce ta ƙunsa wa wani mai keke,
ya yi wajen Barnawa,
kuma littafin ya ƙare, gobe leda ce.

Leda ba ta faɗin komai.
Ina cin ƙosaina shiru.

Amma wani a Barnawa ya ci suna babu tambaya,
ni na ci tambaya babu suna,
ƙila mun sha gilma wa juna a kan gada.
Bakut ya ce in tambayi waya, yaran yanzu duk sun iya.
Na ƙi.
Da la'asar nakan jawo benci,
in zuba wa tattabarun rufin masaƙa ido,
da 'yan buwa, da shaho in ya leƙo,
ko Allah zai sa wata rana
ɗaya ya manta wani abu a baya.